In An Ƙi Ɗaukar 'Yarki, Kada Ke Ma Ki Ƙi Ta

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana yau wani abu ne da na gani da idona a ƙasar Garun Malam, ran da na je suna gidan wata aminiyata, kuma tun daga ranar bai bar zuciyata ba.

Tsakar gida ta cika da mata, ana ta rabon tuwon shinkafa ana raha, amma babbar 'yar gidan ba ta fito ba. Da na tambaya sai aka ce ai tana ɗaki, kwana uku ke nan ba ta son ganin kowa. Yarinyar nan tun tana aji uku na sakandare ba ta da magana sai ta zama akanta. Sau biyu ta zauna jarrabawar shiga jami'a. Karon farko makinta bai kai ba, karo na biyu kuwa ya kai, amma da sunaye suka fito babu nata. Muna cikin haka sai wata gwaggonta ta ɗaga murya yadda na ɗaki zai ji, ta ce, "To ai shi ke nan, Allah ya nuna babu rabo. Biro ya ƙi, sai a koma ga muciya." Aka kwashe da dariya. Uwar ba ta yi dariya ba, amma kuma ba ta ce uffan ba, kuma shirun nan nata shi ya fi yi mini ciwo. Daga baya na sami labari cewa wan yarinyar ma ya taɓa faɗuwa wannan jarrabawa, uban ya sayar da buhun shinkafa biyu ya sa shi darasin yamma a Kano, ba wanda ya ce masa babu rabo.

To, 'yan'uwa, ra'ayina ke nan tun da fari: a gidajenmu in namiji ya nema bai samu ba, sai mu ce ya sake gwadawa, in mace ce kuwa sai mu ce Allah ya yi hukunci. Wannan ba tawakkali ba ne. Gajiya ce, da kuma jin cewa kuɗin karatun 'ya mace asara ne, muka lulluɓe su da sunan ƙaddara. Mu da muke zaune a bakin ruwan Tiga ai bai kamata mu yi irin wannan lissafi ba. A shekarar 2016 tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye tumatir daga Kadawa har Kwanar Gafan, gona tana kore yau, bayan 'yan kwanaki ta zama kamar an sa mata wuta, har kamfanin tumatir na Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a shekarar ya tsaya don rashin abin niƙa. Wane magidanci kuka ji ya ce babu rabonsa a noman rani, ya kulle gona ya tafi? Zama suka yi suna bincike, ko iri ne, ko magani ne, ko lokacin dashe ne, da sanyi ya sake zagayowa suka sake yin reno. Abin da muke yi wa tumatir ke nan. Ashe 'ya'yanmu ba su kai tumatir ba?

Abu na farko da ya kamata uwa ta sani shi ne, rashin samun gurbi ba shaida ba ce ta cewa yarinya daƙiƙiya ce. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, a 'yan shekarun nan yara fiye da miliyan ɗaya da rabi suke zauna mata jarrabawa kowace shekara, kuma guraben da ke jami'o'in gwamnati ba su isa su ɗauke su ba. Fannin akanta yana cikin waɗanda ake rububi a kai, domin kowa yana hangen banki. A 2025 yara wajen miliyan 1.9 suka zauna, da sakamako ya fara fitowa fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Bayan 'yan kwanaki kuma shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye ya amsa cewa na'urorinsu sun yi kuskure a sakamakon yara kusan dubu 380 na Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Ku duba fa, waɗannan yara da iyayensu sun rufe magana ran da sakamakon farko ya fito, da an yanke musu hukunci a kan kuskuren inji.

Ba ina cewa duk wadda ta faɗi an zalunce ta ba ne. A'a. Sau da yawa akwai dalili, kuma dalilin ana iya gano shi a gyara. Tun 2015 da kwamfuta ake yin wannan jarrabawa. Yarinyar da ta tashi a ƙauye cikin ƙasar Bunkure, ba ta taɓa dafa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an ta da ta tun asuba an sa ta a mota zuwa birni cikinta babu komai, yaya za ta yi daidai da wadda ta shekara tana koyo a kai? Rabin lokacinta zai tafi wajen neman inda za ta danna. Wata kuwa ba wannan ba ne. Lissafi ne ya ka da ita, ko Turanci, ga shi kuwa fannin akanta ba a shiga sai da kiredit biyar da suka haɗa da waɗannan biyun. Wata kuma a wurin cike takarda aka cuce ta: mai shagon kwamfuta ya zaɓa mata darussan da ba su dace ba, alhali mai neman akanta Turanci da Lissafi da ilmin tattalin arziki ne ginshiƙanta, sai ta ƙara ɗaya. Wata makinta ya yi kyau, amma ta nace wa jami'a guda wadda duk jihar ke nema. Kowace cuta da maganinta. Amma ba za ki san wadda ta kama 'yarki ba sai kin zaunar da ita, ku ɗauki takardar sakamakon ku kai wa malamin da ya san kan abin. In ke ba ki yi boko ba, wannan ba hujja ba ce. Ai ba ki yi aikin asibiti ba, amma kin san hanyar kai yaro in ya yi zazzaɓi.

Sa'an nan kuma ƙofa ba ɗaya ba ce, ko da yake 'yan matanmu sun ɗauka in ba Jami'ar Bayero ba to duniya ta tashi. Akwai difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, wadda in an gama da sakamako mai kyau ana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Akwai shirin share fage na IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take gudanarwa. Akwai jami'ar karatu daga gida, watau NOUN, wadda matan aure da yawa suke yi da goyo a bayansu. Akwai kuma wata hanya da ban cika jin ana ambata a ƙauyukanmu ba. Ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, tana da jarrabawar ƙananan akantoci da ake kira ATS, mataki uku ce, ana yin ta sau biyu a shekara, kuma da takardar sakandare mai kiredit biyar ake shiga. Wadda ta gama ta samu shaidar da za ta iya aiki da ita, kuma ta samu tsanin hawa jarrabawar manya. Watau shekarar da yarinya za ta yi tana zaune tana jiran sunaye, tana iya yin ta tana tara wani abu. Da kuɗi, na sani, akwai kuɗin rajista da na littattafai. Amma mu faɗi gaskiya tsakaninmu mata, nawa muke kashewa a ankon biki uku?

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, domin a nan nake ganin mun yi barci. Tun da Gwamna Audu Baƙo ya gina madatsar ruwa ta Tiga aka gama a 1974, aka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙasar nan ba ta hutawa. Damina shinkafa, rani tumatir da albasa da alkama da masara. Ki je Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir ki ga manyan motoci a jere ana lodin kwanduna zuwa Legas, ki je Kura ki ji ƙarar injinan casa. Kuɗi ne masu yawa suke wucewa ta hannun mazajenmu da 'yan'uwanmu kowace rana. Wa yake rubutawa? Manomi ya ci bashin taki da magani da man injin ban ruwa, ya biya 'yan ƙwadago, ya biya hayar kwando, dillali ya cire la'adarsa, ya dawo gida da dami a aljihu yana murna. Ki tambaye shi ribarsa nawa, sai ya ce alhamdu lillahi. Godiya ga Allah wajibi ce, amma ba ita ce amsar tambayar ba. Mu ma mata haka muke. Wadda take sayen shanshera ta turara ta shanya ta kai inji, ba ta sa kuɗin itace, ba ta sa kuɗin ruwa, ba ta sa abin da kaji suka tsattsage, balle wahalarta. Ana shekara tana juya jari, jarin yana ƙanƙancewa, ta ce an yi mata baki. Uwar adashi kuwa duk a ka take riƙe lissafin mutum ashirin, ran da aka samu saɓani zumuncin shekara goma ya watse a kan zubi ɗaya.

Ga aiki nan a ƙofar gidanmu, mu kuwa muna kuka wai an hana 'ya'yanmu aikin kuɗi. Ke 'yar makaranta da kike jiran sunaye, sayi littafi mai layi. Ki ce wa innarki daga yau ke ce akawunta. Shafin hagu abin da ya shigo, na dama abin da ya fita, kowanne da ranarsa, bashi da sunan mai shi. Bayan wata uku ki zauna ki gaya mata ko buhu yana ba da riba ko yana cin jari. In kin iya da na innarki, ki karɓi na babanki na kakar bana. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da ƙungiyoyin gama kai na manoma duk suna karɓar kuɗi daga membobinsu, duk suna bukatar mai rubutu mai amana. Abin da za a koya miki a shekarar farko a jami'a tushensa ke nan, sai dai a can da Turanci za a faɗa. Kuma ranar da kika zauna gaban masu ɗaukar aiki suka ce me kika taɓa yi, kina da abin faɗi wanda 'yar birni ba ta da shi.

Na san abin da wasu iyaye maza za su ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za su ce aikin banki aikin riba ne, ba sa so 'yarsu ta ci. Wannan tsoro na gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma akanta ba ma'aikacin banki ba ne kawai. Asibiti yana da akanta, makaranta tana da shi, baitulmalin ƙaramar hukuma yana da shi, kamfanin casar shinkafa ma haka. Ko bankin ma, tun 2012 bankin Jaiz ya fara aiki ba da kuɗin ruwa ba, kuma Kano tana cikin garuruwan da ya fara buɗe reshe, TAJ ya biyo baya a 2019. Malamanmu kuma sun karantar da mu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. To ilmin rubuta dukiya da adalci ba baƙo ba ne a addininmu.

Za su kuma ce aure fa? Ni ban ce a hana aure ba, kuma ban ɗauki aure abokin gaban karatu ba. Abin da na ƙi shi ne a mai da aure horon faɗuwa jarrabawa. Yarinyar da aka kai ɗaki tana jin cewa don ta kasa aka aurar da ita, da wannan miki za ta shiga gidan miji, kuma mijin ne zai sha ɗacinsa bai san hawa ba bai san sauka ba. In lokacin aure ya yi, a yi, amma a yi maganar karatu a fili tun kafin a sa rana, waliyyai su ji, dangin miji su ji. Alkawarin da saurayi ya yi a zaure da dare ba ya kai shekara.

Kada kuma 'yan mata su ɗauka da an shiga makaranta an rabu da jin "ba mu da wuri". Yanzu aka fara. Mai difloma za ta zaga da takardar neman aikin koyon sana'a ofis goma, tara su ce a dawo gobe. Mai digiri za ta gama hidimar ƙasa ta tarar bankuna da yawa suna ƙayyade shekarun haihuwa, ashirin da shida ko da bakwai, alhali jiran gurbi da yajin aikin malamai sun riga sun cinye mata shekarun. A 2022 kaɗai wata takwas jami'o'in tarayya suka yi a rufe. Wannan ba laifinta ba ne, kuma ina ganin rashin adalci ne da ya kamata hukuma ta duba. Wani wuri kuma sai da wa kika sani. Gaskiya ce mai ɗaci, amma gara ki ji daga bakina yanzu, don ran da ta same ki kada ki ce ke kaɗai ce aka tsana. A nan ne kuma mugaye suke tare hanya. Wani ya ce kawo dubu kaza in sa sunanki, wani ya ce zo ki same ni a masauki mu yi magana. Yarinyar da gida ya riga ya juya mata baya ita ce take faɗawa wannan rami, domin ba ta da wanda za ta gaya wa. Wadda ta san in ta dawo hannu biyu uwarta za ta ce sannu da zuwa ta zuba mata abinci, ba ta da dalilin sayar da mutuncinta don takarda.

Kullum in ana wannan magana sai a kawo sunayen manya, ni ma bari in kawo biyu, amma da sharaɗi. Ngozi Okonjo-Iweala ta riƙe ministar kuɗin Nijeriya sau biyu, duk da haka da ta nemi shugabancin Bankin Duniya a 2012 aka ba wani ɗan Amurka, Jim Yong Kim, a gaban idon duniya duka. A 2020 ta nemi shugabancin Hukumar Ciniki ta Duniya, gwamnatin Amurka ta lokacin ta tare hanya wata da watanni, sai a Maris 2021 ta hau kujerar. Tamu ta Arewa kuwa, Hajiya Zainab Shamsuna Ahmed, ta gama karatun akanta a Zariya a 1981, ba ta zama ministar kuɗi ba sai 2018, ta riƙe har 2023. Shekara 37 ke nan tsakani. Sharaɗin shi ne, na san waɗannan mata sun fito daga gidajen da aka san darajar boko, ba su taɓa tallan gyaɗa a bakin titin Zariya ba, kuma ba zan yaudari 'yar Garun Malam in ce hanyarsu ɗaya ba. Abin da nake so a gani kawai, har su ma an ce musu a'a, kuma ba a ji danginsu sun taru sun ce a koma ga muciya ba.

Ke kuma 'yata, ki yi kukanki, ba laifi. Abin da mutum ya ƙwallafa rai a kai ya kuɓuce dole ya yi zafi, kuma wanda ya ce miki ba komai bai taɓa nema ya rasa ba. Amma ki sa wa kukan iyaka. Kwana uku ya isa, na huɗu ki wanke fuska ki fito ki gai da mutane, domin ɓuya a ɗaki ita take ba masu surutu abin faɗi. Ƙawarki da ta samu, ki je ki yi mata murna ko da zuciyarki tana suya, ki karɓi tsofaffin littattafanta, ita ce za ta riƙa gaya miki yadda cikin yake. Ki rage kallon hotunan 'yan ajinku a waya suna sanye da rigar sababbin ɗalibai, ba abin da zai ƙara miki sai ƙunci.

Kafin in bar gidan sunan nan na shiga ɗakin na sami yarinyar. Ban yi mata wa'azi ba, na ce ta ɗauko mini takardunta. Da muka duba, ashe sakamakonta na sakandare yana da kyau, da kiredit a Lissafi da Turanci duka, jami'a guda ce kawai ta nace wa shekara biyu. Na kira uwar gefe na ce, "Yaya, ɗazu an yi wa 'yarki dariya kin yi shiru." Ta ce to me za ta ce, gwaggon yayar mai gida ce. Na ce ba sai kin yi faɗa da kowa ba, ki dai shiga ki gaya wa yarinyar cewa ke ba ki fid da rai ba. Ta shiga, sun daɗe a ciki.

Watan jiya aminiyar tawa ta aiko mini da saƙo. Yarinyar ta cike takardar difloma, ta kuma karɓi lissafin shinkafar uwarta. A wata biyu ta gano cewa mai injin da suke kai wa casa yana lissafa musu buhu ɗaya sau biyu in kaya sun yi yawa. Uban da ya ji, ya ce a kawo masa littafin ya gani.